Yadda Ake Gano Musabbabin Tsunamin da Ya Auku Shekaru Aru-aru da Suka Wuce

Kusan duk shekarar da na zo kan darasin tsunami, sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce: "Malam, mu da muke Kano, daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, me ya haɗa mu da wannan?" Ba na ganin laifin mai tambayar, domin birninmu yana zaune ne a kan tsohon dutse mai ƙwari, kuma babu wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin teku ta taso ta ci Dala. Amma mafi yawan aikin gano musabbabin tsohon tsunami a kan tebur ake yin sa, da takardu da taswira da lissafi, kuma ɗalibin da ya taso a garin da ake karanta Larabci tun yarinta yana riƙe da mabuɗin da masana da yawa ba su da shi, tunda labaran girgizar ƙasa na Bahar Rum da Bahar Maliya da tekun Larabawa masu yawa da Larabci aka rubuta su. Wannan jagora domin irin wannan ɗalibi na rubuta ta, kuma ginshiƙinta guda ɗaya ne: ba a yanke wa tsunami hukunci da shaida ɗaya, sai an tara shaidun da ba su san juna ba, bakinsu ya zo ɗaya.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a fahimci abin da ake nema. Igiyar ruwa ta yau da kullum iska ce take kaɗa ta, kuma saman ruwa kawai take motsawa. Tsunami kuwa yana tasowa ne idan wani abu ya ture ruwan gaba ɗayansa, tun daga ƙasan teku har samanta. Ka sami babban bahon wanki, ka cika shi rabi, ka nutsar da faranti a ƙasansa bayan ka ɗaura masa zare. Idan ka hura iska a kan ruwan za ka ga 'yan ƙananan igiyoyi suna rawa su mutu. Idan ka fizgi farantin sama da sauri, ruwan zai yi tozo, ya bazu ta kowane gefe, ya haura bakin bahon. Sannan ka jingina katako a gefe ɗaya ka sako rabin bulo ya gangaro: ruwan zai fantsama sosai a kusa da inda bulon ya faɗa, amma ƙarfinsa ya ragu kafin ya kai ɗaya gefen. Ka riƙe bambancin farantin da bulon a zuciyarka, domin kusan dukan binciken a kansa yake juyawa.

Mataki na farko: zaɓar aukuwa da tambaya

Hukumar kula da teku da yanayin sama ta Amurka, NOAA, tana da rumbun bayanan tsunami na duniya a intanet, kyauta, kuma yana nuna matsayin ingancin kowace aukuwa, tun daga wadda aka tabbatar har zuwa wadda ake matuƙar shakka a kanta. Ka zaɓi guda ɗaya tak. Ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya a shafin farko na littafinka: mene ne ya motsa ruwan, a ina, kuma yaushe? Abin da rumbun ya rubuta a matsayin musabbabi ka ɗauke shi a matsayin da'awa da ke jiran hujja.

Mataki na biyu: tattara ruwayoyi da tantance su

A nan ne tarbiyyarmu ta karatun hadisi take da amfani, domin tambayoyin da malamanmu suke yi wa ruwaya su ne mai binciken tsunami yake yi wa tsohuwar takarda. Wane ne ya rubuta? Ya gani da idonsa, ko gaya masa aka yi? Shekara nawa tsakanin aukuwar da rubutun? Idan ka sami littattafai biyar suna ba da labari iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, to akwai yiwuwar shaida ɗaya ke gare ka, huɗu sun kwafa daga na farko, kuma kuskure ne babba ka ƙirga su biyar. Takardar da ta fi daraja sau da yawa ita ce wadda ba domin tarihi aka rubuta ta ba: lissafin haraji da aka yafe wa ƙauyen da ruwa ya ci, rajistar hatsin agaji, rahoton jirgin da ya rasa kayansa. Mai rubuta irin wannan ba ya neman burge kowa.

Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, yana da littafi mai suna Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala, inda ya jera girgizar ƙasa shekara bayan shekara, kuma masana girgizar ƙasa na zamani suna komawa gare shi har yau. Marubutan tarihi na Masar sun ba da labarin girgizar watan Zulhajji na shekarar 702 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 8 ga Agusta 1303, wadda ta lalata hasumiyar Iskandariyya, teku kuma ta hauro cikin garin. Duk da cewa a Masar aka fi rubuta labarin, masana sun kai asalin girgizar can kusa da tsibirin Kirit. Wurin da aka fi yin rubutu ba lallai ne ya zama wurin da abin ya samo asali ba. Sau da yawa shi ne wurin da ya fi yawan masu alƙalami.

Daga kowace ruwaya ka ciro abubuwa kaɗan ka zuba a jadawali: sunan wurin, ko an ji girgiza kafin ruwan, tsawon lokacin da girgizar ta ɗauka, tazarar da ke tsakaninta da zuwan ruwan, ko teku ta fara janyewa ne ko cikowa, sau nawa ruwan ya zo, wane gini ya kai wa, da kuma yanayin sama a ranar, wato ko akwai hadari da guguwa. Waɗannan tambayoyi ba sababbi ba ne. Bayan girgizar Lisbon, babban birnin Fotugal, ta 1 ga Nuwamba 1755, wazirin Fotugal da aka fi sani da Pombal ya sa an aika wa majami'un ƙasar takardar tambayoyi irin waɗannan, har da ko teku ta fara tashi ne ko sauka, kuma amsoshin da aka mayar suna cikin abin da masana suke aiki da shi har gobe.

Mataki na uku: gyara kwanan wata da sa'a

Mutane suna raina wannan mataki, alhali kuwa kuskuren kwana ɗaya yana iya rusa bincike dungurungum. Kalandar Turawa kanta kashi biyu ce: ƙasashen Katolika sun koma sabuwar kalanda a 1582, Ingila kuwa sai a 1752, saboda haka wasiƙu biyu kan aukuwa ɗaya suna iya ɗaukar kwanakin da suka bambanta da kwana goma ko sha ɗaya. A lissafin Hijira kuma, yini yana farawa ne daga faɗuwar rana, kamar yadda kowane Bakano ya san cewa daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce. Na taɓa mance wannan ina juya wani kwanan wata da manhajar waya, na ajiye aukuwar dare a ranar da ba tata ba, kuma na shafe kusan mako biyu ina ƙoƙarin daidaita ruwayoyi biyu da tun asali ba su saɓa wa juna ba. Tun daga lokacin nake rubuta kwanan wata sau biyu, yadda marubucin ya rubuta shi da kuma yadda na juya shi, tare da ranar mako idan an ambata, domin ranar mako ita ce take kama kuskuren juyi.

Mataki na huɗu: ɗora komai a kan taswira

Ka buɗe Google Earth, ka nemo kowane wuri da aka ambata, ka sa masa alama tare da tsayin da ruwa ya kai da lokacin da ya iso. Ka yi hattara da abu biyu: sunayen garuruwa suna canzawa, gaɓar teku ma tana matsawa, ta yadda masallaci ko cocin da yake nesa da ruwa a yau wataƙila a bakin ruwa yake a wancan zamani. Sannan ka sauko da taswirar zurfin teku ta GEBCO, wadda ita ma kyauta ce, domin ka ga kwaruruka da gangara da tsaunukan da ke ƙarƙashin ruwa a yankin. Idan alamomin sun taru, siffar ɓarnar za ta fara magana da kanta.

Mataki na biyar: jera waɗanda ake tuhuma

Na farko kuma mafi yawan laifi shi ne girgizar ƙasa a inda wani faifan ɓawon duniya, wato ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin dutsen da ƙasa da teku suke zaune a kansu, yake kutsawa ƙarƙashin wani. Faya-fayan biyu suna maƙalewa na ɗaruruwan shekaru, na saman yana lanƙwasa a hankali, har ranar da zai kuɓuce ya ɗaga ƙasan teku a cikin 'yan mintuna. Wannan shi ne farantin bahonmu. Alamarsa ita ce ɓarna mai faɗi, a gaɓa mai tsawon ɗaruruwan kilomita, da igiyar da take iya ƙetare teku sukutum. Tsunamin 26 ga Disamba 2004 ya taso daga girgiza mai ƙarfin maki 9.1 kusa da Sumatra, ya hallaka mutane fiye da 220,000, kuma ya kai har gaɓar Somaliya. Irin wannan girgiza tana barin tabo a doron ƙasa: bayan girgizar shekarar 365 miladiyya, yammacin tsibirin Kirit ya ɗaga har kusan mita 9 a wasu wurare, kuma tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Falasarna tana nan a kan tudu, nesa da ruwan da ya kamata ta kasance a cikinsa.

Na biyu shi ne zaftarewar ƙasa, a ƙarƙashin teku ko daga gangaren dutse zuwa cikin ruwa, wato bulon bahonmu. Alamarta ita ce igiya mai tsayi ƙwarai a ɗan tsirin gaɓa, wadda take saurin mutuwa da nisa, kuma sau da yawa girmanta ya fi ƙarfin girgizar da aka ji. A Papuwa Niu Gini, ranar 17 ga Yuli 1998, girgiza mai maki 7.0 kawai aka yi, amma igiyar da ta kai mita 10 zuwa 15 ta kashe mutane fiye da 2,000, ta kuma iso a makare idan aka gwada da lissafin girgizar. Da aka leƙa ƙasan tekun daga baya sai aka ga tabon zaftarewa. Misalin da na fi so shi ne na Grand Banks, kusa da Kanada, ranar 18 ga Nuwamba 1929. Girgiza mai maki 7.2 ta zaftaro laka mai ɗimbin yawa daga gangaren teku, lakar ta riƙa tsinke wayoyin tangaraho goma sha biyu da aka shimfiɗa tsakanin Amurka da Turai, kuma da yake kamfanonin sun rubuta lokacin da kowace waya ta mutu, masana biyu, Heezen da Ewing, sun yi amfani da waɗannan lokuta a 1952 suka lissafa gudun lakar. Littafin ma'aikacin tangaraho ya zama ma'aunin kimiyya ba tare da mai shi ya sani ba.

Na uku shi ne dutse mai aman wuta, ko ta hanyar fashewa, ko ruftawar gefensa cikin teku. Krakatau a Indunusiya ya fashe ranar 27 ga Agusta 1883, mutane fiye da 36,000 suka mutu, mafi yawansu ruwa ne ya ci su, kuma ɗan da ya tsiro a gurbinsa, Anak Krakatau, ya rufta a Disamba 2018 ya tayar da tsunami ba tare da wata babbar girgiza da za ta gargaɗi mutane ba. Toka a cikin ƙasa da ruwayar duhu da rana tsaka da ƙara mai kama da igwa su ne shaidunsa. Na huɗu kuwa shi ne wanda ake yawan mantawa: wataƙila ba tsunami ba ne sam, guguwar teku ce ta turo ruwa. Ka bar wannan a cikin jerin har sai ka sami hujjar fitar da shi.

Mataki na shida: karatun ƙasa

Takarda tana iya yin ƙari ko ragi, amma yashin da teku ta watso cikin fadama yana nan inda ta bar shi. Masu wannan aiki suna zuwa fadamu da ƙananan tafkuna na bayan gaɓa, inda laka take taruwa a natse shekara da shekaru, su haƙa rami ko su kafa bututu su zaro ƙasar a jere yadda take. Abin da suke nema shi ne siririn shimfiɗin yashi a tsakanin baƙar laka, wanda ƙasansa yake da kaifi kamar an yanka da wuƙa. Yashin tsunami yakan zama mai kauri a kusa da teku ya riƙa sirancewa yayin da ake shiga tudu, manyan ƙwayoyinsa a ƙasa ƙanana a sama, kuma sau da yawa akwai gutsattsarin laka da ruwan ya ɓamɓaro ya cusa a cikinsa. Idan aka duba shi da madubin ganin ƙananan halittu aka sami ɓawon halittun ruwan gishiri a tsakiyar fadamar ruwan daɗi, an san daga teku ya zo. Yashin guguwa kuwa yakan fi kauri, da sirara-siraran layuka masu yawa, kuma ba ya yin nisa daga bakin ruwa. Babu alama ɗaya a cikin waɗannan da ta isa ita kaɗai, shi ya sa ake haƙa ramuka da yawa a jere maimakon ɗaya.

Ba sai ka je teku za ka koyi wannan karatu ba. Bayan damina ta ɗauke, ka je gaɓar kogin Challawa inda ruwa ya zaizaye, ko bakin wani tsohon kududdufi a bayan gari, da fartanya ƙarama da tef ɗin awo da littafi. Ka kankare fuskar gaɓar ta yi sumul daga sama zuwa ƙasa, ka jingina tef, ka zana abin da ka gani: jar ƙasa santimita kaza, yashi mai laushi santimita kaza, tsakuwa, sannan laka. Ka murza kowane shimfiɗi tsakanin yatsunka ka ji ko yana ƙaiƙayi ko yana santsi. Idan ka sami mai haƙar rijiya a unguwarku ka zauna kusa da shi yini guda, domin yana gane sauyin ƙasa daga ƙarar digarsa tun kafin ya ga launinta, kuma zai nuna maka inda marmara ta ƙare yumɓu ya fara. Duk samfurin da ka ɗiba ka sa a leda ka rubuta wurin da zurfin nan take, kafin ka ɗibi na gaba.

Akwai gargaɗi guda da ƙasar Japan ta koyar. A filin Sendai an gano yashin tsunamin shekarar 869 kilomitoci cikin tudu, a ƙarƙashin tokar wani aman wuta na shekarar 915, kuma Koji Minoura da abokan aikinsa sun wallafa gargaɗi a kansa a 2001, shekara goma kafin babban tsunamin da ya afka wa yankin ranar 11 ga Maris 2011. Da aka auna bayan na 2011, sai aka ga ruwan ya wuce inda yashi ya tsaya da nisa. Ma'ana, iyakar tsohon yashi tana nuna mafi ƙarancin inda ruwa ya kai ne kawai.

Mataki na bakwai: sanya wa shaidar ƙasa shekara, da yadda aka warware shari'ar 1700

Ana auna shekarun ganye ko iri ko guntun itace da ke daf da ƙasan yashin ta hanyar kabon-14, wani sinadari da ke jikin kowane abu mai rai, wanda yake raguwa bayan mutuwarsa har rabinsa ya ƙare a cikin shekara 5,730. Awon ba ya ba da shekara ɗaya, tazara yake bayarwa, kuma ga abin da bai wuce shekara ɗari uku da 'yan kai ba tazarar takan yi faɗi har ta rikitar. Domin haka ake neman shaida ta daban da za ta matse ta, kuma babu misalin da ya nuna wannan kamar na Kaskadiya, gaɓar da ta taso daga arewacin Kalifoniya har tsibirin Bankuba a Kanada.

Har zuwa shekarun 1980 ana gardama ko wannan yanki yana iya haifar da babbar girgiza, domin tun zuwan Turawa masu rubutu ba a ga irinta ba. Brian Atwater, masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya shiga fadamun gaɓar jihar Washinton da kwalekwale, ya tarar da tsohuwar ƙasar fadama da ciyayinta a binne, yashi a kanta, lakar teku kuma a kan yashin. Ya wallafa wannan a 1987. Fassararsa ita ce ƙasar ta nutse farat ɗaya, ruwa ya watso yashi, sannan teku ta mamaye wurin, daidai da abin da aka gani a Alaska bayan girgizar 1964. A bakin kogin Kopalis kuma akwai matattun itatuwan sida a tsaye, waɗanda ruwan gishiri ya kashe lokacin da ƙasar ta sauka da su. Kabon-14 ya ce abin ya auku ne a wajajen 1680 zuwa 1720.

Itacen wuraren sanyi yana ƙara zobe ɗaya a jikinsa duk shekara, kuma ana iya daidaita jerin zobba masu faɗi da sirara na mataccen itace da na rayayye. Matsalar ita ce iska da ruwan sama sun cinye zobban waje na kututturan. David Yamaguchi da abokan aikinsa suka tono saiwoyin, inda laka ta adana har ɓawon, suka ga zoben ƙarshe na shekarar 1699 ne. Itatuwan sun mutu ke nan bayan sun gama girman 1699 kuma kafin su fara na 1700.

A can ɗaya gefen tekun, takardun Japan sun daɗe da ɗaukar labarin wani tsunami da ake kira maraya, domin ya zo ba tare da an ji girgizar da ta haife shi ba. An rubuta shi a garuruwa irin su Kuwagasaki da Otsuchi da Miho da Tanabe, a wata na 12 na shekara ta 12 ta zamanin Genroku a lissafin shekarun Japan, kuma a Kuwagasaki ya rusa gidaje ya haddasa gobara da tsakar dare. Kenji Satake da abokan aikinsa suka juya kwanan watan ya faɗa daren 27 wayewar 28 ga Janairu 1700, suka bi sauran wuraren da ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya, Kudancin Amurka da Alaska da Kamcatka, suka ga babu wanda ya dace, suka wallafa sakamakon a 1996. Su kuma 'yan asalin gaɓar Kaskadiya suna da labaran baka na girgiza da dare a lokacin sanyi da ruwan da ya share ƙauyuka. Laka da saiwa da takardar hakimi da labarin kaka, babu wanda ya san da ɗan'uwansa, amma duka sun nuna aukuwa ɗaya.

Mataki na takwas: lissafin komawa baya

Gudun tsunami ya dogara ne ga zurfin ruwa, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba: ka ninka zurfin a mita da 9.8, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. A zurfin mita 4,000 amsar ita ce kusan mita 198 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 710 a awa, kusa da gudun jirgin sama. Tsakanin Kaskadiya da arewacin Japan akwai sama da kilomita 7,000, tafiyar kusan awa goma ke nan. Idan ka cire awa goma daga tsakar daren Japan, ka kuma gyara bambancin agogo, za ka faɗo kan misalin ƙarfe tara na daren 26 ga Janairu 1700 a gaɓar Amurka. Ka gwada wannan da kanka da biro da takarda kafin ka taɓa kwamfuta.

Idan kana da lokacin isowa a wurare uku ko fiye, sai ka zana daga kowanne iyakar nisan da igiya za ta iya tahowa a cikin lokacin, inda layukan suka haɗu a nan ake neman asalin. Bayan haka ne ake shiga kwaikwayon kwamfuta, a ɗora tsaga, wato layin da ɓawon duniya ya karye ya goce, mai tsawo kaza da gocewa kaza, a ga ko igiyar da za ta fito ta yi daidai da tsayin da aka rubuta. Ta wannan hanya aka kai ga cewa girgizar 1700 ta kai kusan maki 9, a kan tsaga mai tsawon kimanin kilomita 1,000. Sai dai ka sani cewa kwamfuta tana iya ba da amsa mai kyan gani daga asali biyu mabambanta, saboda haka dacewar kwaikwayo tana nuna abin da zai yiwu ne, tabbatarwa kuwa aikin laka da takarda ne.

Mataki na tara: rubuta hukunci

Ka raba abin da ka samu gida uku: wanda shaidu masu zaman kansu suka haɗu a kansa, wanda ya fi rinjaye, da wanda yake zato. Ga kowane abin tuhuma da ka sallama ka faɗi hujjar da ta wanke shi, kuma idan biyu suka yi tarayya, kamar girgiza da ta jawo zaftarewa, ka faɗi haka ƙarara. Lisbon ta 1755 tana da takardu fiye da kusan kowace tsohuwar girgiza, ruwanta ya ci gaɓar Fotugal da Sifen da Maroko har ya ƙetara zuwa tsibiran Karibiyan, amma har yau masana ba su daidaita kan tsagar da ta goce ba: wasu suna nuna tudun Gorringe da ke ƙarƙashin teku, wasu tsagar da aka sanya wa sunan Pombal, wasu kuma yankin mashigin Kadis. Ruwayoyin ɓangaren Maroko suna cikin abin da ake ta sake tantancewa, domin an yi wata girgiza dabam a yankin Miknas a cikin watan Nuwamban nan na 1755, kuma labaran biyu sun cakuɗe a wasu littattafai. Ɗalibin da ya iya Larabci, ya kuma koyi juya kwanan Hijira ba tare da ya zame da kwana ɗaya ba, zai iya ɗaukar waɗannan ruwayoyi gari bayan gari, ya ware wanda ya ambaci teku daga wanda ya ambaci rushewar gini kawai, ya mayar da kowanne ranarsa.